Discovery na Daft Punk: faifan da nake auna kunnena da shi

A watan Maris na 2001 kamfanin Virgin ya fitar da Discovery, faifai na biyu na wasu samari biyu 'yan birnin Faris, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda duniya ta sani da sunan Daft Punk. Waƙoƙi 14 ne a ciki, tsawonsu duka awa ɗaya da 'yar ɗoriya. Ni sana'ata haɗa sauti ce a wani ƙaramin sitidiyo a Kano, na wuni ina ɗaukar murya, ina daidaita kiɗa, ina goge hayaniya. Saboda haka da kunnen ma'aikaci zan yi maganar faifan nan, ba da ƙafar ɗan rawa ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kashi biyu cikin uku na Discovery aiki ne da har yau ba a kamo ƙafarsa ba, sauran kashi ɗayan kuma cikon benci ne, kuma mafi yawan waɗanda suka kwaikwaye shi ƙyalƙyalin suka ɗauka suka bar aikin.

Kafin Discovery akwai Homework na 1997. Wancan faifan kiɗan house ne tsantsa, irin na gidajen rawa na Shikago, ganga mai duka ba sassauci, sauti mai kaushi, maimaici har sai kanka ya yi nauyi. Ya yi kasuwa, kuma da sun so da sun ci gaba da buga irinsa. Sai suka koma ɗakin da suke aiki a gidan Bangalter, daga 1998 zuwa 2000, suka fito da abin da ya saɓa da shi ƙwarai. Bangalter ya sha bayyana cewa suna neman komawa ne ga yadda suke jin kiɗa suna yara, tsakanin 1975 da 1985, lokacin da yaro ba ya tambayar ko waƙa ta masu aji ce ko ta 'yan ƙauye, in ta yi masa daɗi shi ke nan. Shi an haife shi a 1975, abokinsa a 1974. Kuma Bangalter a gidan kiɗa ya tashi: mahaifinsa, Daniel Vangarde, yana cikin waɗanda suka tsara wa Ottawan da Gibson Brothers waƙoƙin disko a ƙarshen shekarun 1970. Wannan ya bayyana min dalilin da ya sa faifan ya cika da abubuwan da 'yan gidan rawa na wancan lokaci suke ganin abin kunya ne: jita mai kururuwa irin ta 'yan rok, fiyano mai zaƙi, sintisaiza irin ta waƙoƙin pop na farkon shekarun 1980, da waƙar soyayya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A ƙarƙashin duka kuwa fonk ne yake riƙe da ginin, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da bas da ganga suke jan ragama, irin wanda James Brown ya shimfiɗa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yankan. Ga wanda bai san harkar ba: akan ɗauki tsohon faifai, a yanko daƙiƙa biyu ko uku, wani lokaci bugu ɗaya tak, a zuba a na'ura irin su SP-1200 ko MPC, sannan a sake jera gutsattsarin a yi sabon kiɗa da su. Kowa zai iya yanka. Sanin inda za a sa wuƙa shi ne sana'ar.

Ɗauki "One More Time", waƙar farko. Ƙahonnin nan da suke buɗe ta, waɗanda ko wanda bai san Daft Punk ba ya taɓa jin su a wani wuri, daga waƙar "More Spell on You" ta Eddie Johns aka ciro su, waƙar disko ta 1979. In ka saurari ta asalin za ka daɗe kafin ka gane wurin, don ba jimlar kiɗan suka ɗauka ba, 'yan gutsattsari uku suka tsinto suka juya jerinsu, suka maimaita wani, suka gajarta wani. Kamar telan da ya tattara ƙyallayen da wasu suka zubar ya ɗinka riga, ka duba ka rasa inda zare ya bi. Sannan suka matse sautin ta yadda duk lokacin da babbar ganga ta sauka, sauran kiɗan sai ya sunkuya ya ba ta hanya, ya sake ɗagowa. Wannan numfashin da kake ji, shiga da fita, shi ne ya zama tambarin kiɗan rawa na Faransa, kuma yau duk yaron da ya buɗe kwamfuta zai yi kiɗa yana da maɓallin yin sa.

Amma abin da ya sa nake kiran waƙar gwaninta yana tsakiyarta. Ana cikin rawa sai ganga ta ɗauke gaba ɗaya, ta bar murya da wani lallausan sauti a ƙasa, kuma ba na daƙiƙa goma ba, abin ya kai wajen minti biyu. A waƙar rawa wannan ganganci ne. Duk wanda ya taɓa riƙe na'ura a wurin biki ya san in ka cire ganga na rabin minti mutane za su fara waige-waige. Su sun ja abin har sai ka ƙagu, sannan suka dawo da ƙahonnin a hankali daga nesa. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Faransa, na biyu a Birtaniya.

Muryar ta Romanthony ce, mawaƙi daga jihar New Jersey, wanda ya rasu a 2013, kuma an ratsa ta da Auto-Tune har ta koma kamar ta ƙarfe. A lokacin shekara biyu kacal ke nan da Cher ta fito da wannan salo fili a "Believe" ta 1998, kuma masu sharhi da yawa sun yi wa Daft Punk ca a kai. A nan ne faifan ya taɓo aikina kai tsaye, don mu a waƙoƙin fina-finan Hausa da na bukukuwa Auto-Tune ya zama ruwan sha. Kwanakin baya wani yaro ya zo ɗaukar waƙa, bai ko gama shiga ɗakin murya ba ya ce, "Oga, a cika min shi sosai fa, kar a rage." Na ce, "Ƙanena, zo ka zauna ka ji wani abu tukuna." Na sa masa "One More Time". Da ta ƙare ya ce, "Ai ka ga shi ma an cika masa." Na ce ƙwarai, amma ka lura mutumin ya iya waƙa tun kafin a taɓa shi. Jan numfashinsa, inda yake karya murya, inda yake sassautawa, duk nasa ne, na'urar fenti kawai ta shafa. Yaron ya gyaɗa kai, sannan ya ce duk da haka a cika masa. Na cika masa, kuɗinsa ne.

Waƙoƙi huɗun farko a jere suke kamar an ɗaure su da igiya. "Aerodynamic" ta fara da ƙararrawa, ta shiga fonk mai tsalle, kwatsam sai jita ta ɓarke da gudu irin na 'yan rok na shekarun 1980, daga nan ta gangara wani sanyin sauti mai kama da kiɗan cocin Turai na da. Abu uku ne da ba su da dangantaka, a cikin minti uku da rabi, kuma ba ka jin an yi maka dole.

"Digital Love" ita ce wadda na fi so a faifan. An gina ta a kan buɗewar "I Love You More" ta George Duke, 'yan daƙiƙu kaɗan da shi Duke ya wuce su bai waiwaya ba, su kuma suka zauna a kansu suka yi gida. Labarin mai sauƙi ne, mutum ya yi mafarkin yana rawa da wadda yake so, ya farka, ya rasa yadda zai gaya mata. Muryar na'ura ce take faɗa, amma akwai kunya a cikinta, irin ta saurayin da bai taɓa zuwa zance ba. A tsakiya akwai fiyanon Wurlitzer da yake tuna wa mai sauraro Supertramp, sannan a rufe da wani dogon kiɗa da za ka rantse jita ce, alhali hannun na'ura yana ciki dumu-dumu. In wani ya ce min kiɗan kwamfuta ba shi da rai, wannan nake sa masa, ba na tsayawa musu.

Sai "Harder, Better, Faster, Stronger", wadda ta fi kowace tasiri daga baya. Gindinta daga "Cola Bottle Baby" ta Edwin Birdsong ne, ita ma ta 1979, kuma a nan yankan bai ɓuya ba, kusan ɗauko shi aka yi ɗungurungum. Sabon abin yana wajen murya. Kalmomi ne 'yan kaɗan, aka fara jero su ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan a haɗe, daga ƙarshe muryar ta daina zama magana ta koma kayan kiɗa, tana hawa tana sauka kamar jita. Ina sauraron ta ne kamar darasi: yadda za ka ɗauki abu ƙarami ka yi ta juya shi minti uku da wani abu ba tare da ka gundiri mutum ba.

Daga nan faifan ya ɗan yi rauni, kuma masoyansa ba sa son a faɗa. "Crescendolls" hayaniya ce mai daɗi a minti na farko, bayan nan ihun da ake maimaitawa yakan fara cizon kunne. "Superheroes", wadda aka yanko daga Barry Manilow, da "High Life" duk tafiyarsu ɗaya: a samo gutsure, a yi ta buɗe shi ana rufewa har lokaci ya cika. A gidan rawa za su yi aiki, a ɗaki kuwa hannuna yakan kai ga maɓallin tsallakewa. "Nightvision" ba ta kai minti biyu ba, hutu ce kawai.

Sai kuma ya farfaɗo. "Something About Us" waƙa ce a hankali, bas mai taushi, jita tana ɗan taɓawa a gefe, murya ƙasa-ƙasa. Babu wani abin burgewa na fasaha a fili, shi ya sa take da wuyar yi. "Voyager" kuwa darasin bas ce daga farko har ƙarshe. A kan lasifikar waya ba za ka ji komai ba sai ƙyal-ƙyal na sama, don haka kar ka yanke mata hukunci sai ka sa abin kunne mai kyau ko ka samu lasifika mai ƙasa. "Veridis Quo" tana farawa da sauti kamar sarewa, ta yi ta zagaye wuri ɗaya cikin wani irin baƙin ciki marar hayaniya. "Short Circuit" ita ce fonk ɗin sintisaiza zalla, irin na farkon shekarun 1980, kuma rabinta na biyu da gangan aka bar sautin yana lalacewa, yana rugujewa kaɗan-kaɗan kamar na'urar tana mutuwa. Mu da muke kashe dare muna goge irin wannan ƙazantar daga aikin mutane, abin dariya ne ka ji wasu sun mai da ita ado.

"Face to Face" ta cancanci a tsaya a kanta. Da Todd Edwards suka yi ta, shi ma ɗan New Jersey, wanda ya yi suna wajen yanka sauti ƙanana-ƙanana, kuma shi ya rera ta. Kiɗan gaba ɗaya an harhaɗa shi ne daga gomman gutsattsari na tsofaffin faifai daban-daban, wani bai kai ƙiftawar ido ba: bugun jita ɗaya daga nan, rabin kalma daga can. Shekaru masu sha'awar abin suka yi suna farautar asalin kowane gutsure a intanet. Abin mamakin shi ne duk da wannan tarkace, waƙar tana tafiya sumul, har ka iya bin ta da baki. Na ƙarshe ita ce "Too Long", Romanthony ya dawo, minti goma cif. Tana da kyau daga tsakiya zuwa ƙarshe, amma da an rage mata minti uku ba abin da za a rasa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. A takardar da ke cikin faifan an ambaci waƙoƙi huɗu da aka yanko: ta George Duke, ta Edwin Birdsong, ta Barry Manilow da ta ƙungiyar Imperials. Sunan Eddie Johns ba ya ciki. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta gano shi a Kalifoniya. Mutumin haifaffen Laberiya ne, a Faris ya ɗauki waƙar tasa, daga baya ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki da rashin matsuguni, kuma ya ce bai taɓa karɓar ko sisi daga "One More Time" ba. Ɓangaren Daft Punk sun tabbatar cewa an yi amfani da waƙar, kuma suna biyan kuɗin ga kamfanin da yake riƙe da haƙƙinta. Wato a takarda ba su ci haƙƙin kowa ba, kuɗin ne bai isa hannun mai waƙar ba. Duk wanda yake harkar waƙa a nan ya san irin wannan labari, mawaƙi ya sayar da aikinsa a kan kuɗin cefane, waƙa ta yi ta yawo shekaru, shi yana gefe. Tun da na san wannan, in ƙahonnin nan suka tashi ina jin daɗinsu, amma da ɗan ɗaci a ciki. Discovery faifai ne da aka gina a kan gumin mawaƙan fonk da disko na shekarun 1970, galibinsu baƙaƙen fata, kuma yabon da ake yi masa ya kamata ya riƙa biyawa ta kansu.

A zamanin wannan faifan ne kuma suka rufe fuskokinsu da kwalkwali, ɗaya ruwan azurfa ɗaya ruwan zinariya, suka ce su mutum-mutumi ne. Har tatsuniya suka ƙirƙira cewa na'urarsu ce ta fashe ranar 9 ga Satumba 1999 suka farka a haka. Wasa ne, amma ya yi musu amfani: sun yi shekara 20 suna cikin shahararrun mawaƙan duniya, kuma suna iya shiga kasuwa ba wanda zai tare su. Faifan CD na farko ya zo da kati mai lamba na shiga Daft Club, wani shafi da ake sauke ƙarin waƙoƙi, a lokacin da kamfanonin kiɗa suke kallon intanet a matsayin ɓarawo. A 2003 kuma aka fitar da Interstella 5555, fim ɗin zane na Japan da aka yi ƙarƙashin kulawar Leiji Matsumoto, wanda zane-zanensa suka yi tashe a talabijin ɗin Faransa lokacin yarintarsu. Babu magana a fim ɗin, faifan ne daga farko zuwa ƙarshe, da labarin wasu makaɗa masu shuɗin fata da aka sato daga wata duniya. In ka kalle shi, har waƙoƙin da na kira cikon benci sukan samu ma'ana.

Da ya fito ba kowa ya yaba ba. Shafin Pitchfork ya ba shi maki 6.4 cikin 10, sai a 2021 suka dawo suka ce 10 ya kamata. Mujallar Rolling Stone ta sa shi a lamba 236 cikin manyan faifai 500 a jerinta na 2020. Abin da ya juya ra'ayin Amurka shi ne wasan da suka yi a bikin Coachella a 2006, suna tsaye cikin wani dala na fitilu, suna cakuɗa waƙoƙinsu da juna. Shekara ɗaya bayan nan Kanye West ya ɗauki muryar "Harder, Better, Faster, Stronger" ya gina "Stronger" a kanta, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, kuma a bikin Grammy na 2008 suka fito tare. Daga nan ƙofa ta buɗe: kiɗan rawa na na'ura ya mamaye rediyon Amurka, manyan bukukuwa suka cika da mutum ɗaya a bayan kwamfuta da bangon fitilu. Har a 2022 Drake da 21 Savage sun sake yanko "One More Time" a "Circo Loco".

To amma me aka gada? Yawancin abin da ya biyo baya ya ɗauki matsewar sauti, da muryar ƙarfe, da fitilu, ya ƙara musu ƙarfi har kunne ya gaji. Haƙurin zama a saurari tsohon faifai don neman daƙiƙa biyu masu kyau, da ƙarfin halin cire ganga na minti biyu, da rashin jin kunyar yin waƙa mai taushi, waɗannan ba su yaɗu sosai ba. Su kansu Daft Punk kamar sun lura, don a Random Access Memories na 2013 sun juya baya ga yankan kusan gaba ɗaya, suka ɗauko makaɗa na gaske irin su Nile Rodgers suka shiga manyan sitidiyo, suka ci kyautar faifan shekara a Grammy na 2014. Faifai ne mai tsabta ƙwarai, an kashe masa kuɗi, kuma ina sa shi in ina gwada sababbin lasifika. Amma Discovery da aka yi a ɗaki ya fi shi rai. Sun sanar da rabuwarsu ranar 22 ga Fabrairu 2021, Bangalter ya koma rubuta kiɗan ƙungiyar makaɗa na gargajiyar Turai, ya fitar da Mythologies a 2023.

Ga mai son gwadawa, shawarata ita ce kar ka fara da waƙa ɗaya-ɗaya a cakuɗe, don an jera su ne su shiga cikin juna. Sa huɗun farko a jere ba tsayawa. In sun kama ka, tsallaka zuwa "Something About Us" ka tafi har "Face to Face". Na tsakiyar ka bar su sai ranar da za ka kalli fim ɗin. In kuma kai mai haɗa kiɗa ne, nemo "More Spell on You" da "Cola Bottle Baby" da "I Love You More" ka saurare su tukuna, sannan ka koma kan Discovery ka ga inda aka sa wuƙa.